/IF DEFINED a cikin /COPY: rasit na sefa 250,000 yana komawa 2,500

Nafi'u
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu rubuta kod da harshen RPG a kan injin IBM i. Kamfanin da nake wa aiki yana rarraba kayan masarufi, babban ofis a Kano, reshe a Nijar, kuma kod ɗaya ne ke yi wa ɓangarorin biyu lissafi. Akwai wani memba (fayil ɗin kod) a QRPGLESRC, ma'ajiyar kod ɗinmu na RPG, da kusan kowane furogiram ke jawowa da umarnin /COPY, a cikinsa aka bayyana tsarin bayanan rasit. Gurbin kuɗi haka yake (lamba ta biyu a cikin baka ita ce yawan lambobin bayan ɗigo):

/IF DEFINED(NIJAR)
kudi packed(15:0);
/ELSE
kudi packed(15:2);
/ENDIF

Tun ranar Litinin, rasit na sefa 250,000 yana shiga littafin bashi a matsayin 2,500. Babu saƙon kuskure, joblog (littafin saƙonnin aikin) fes yake. Ranar da aka yi wa memban gyara na ƙarshe ta wuce shekara biyu. Ta ina zan fara?

Malam Isiyaku
Wa alaikumus salam, Nafi'u. Kafin komai, wane ne ya yi kwamfayil (gina furogiram daga kod) a ƙarshen makon nan, kuma da wane umarni? Ba kod ɗin zan fara zarga ba.

Nafi'u
Malam, na tambaya. An gyara wani ɗan abu a sabis furogiram ɗin (wanda wasu furogiram ke kira) da ke rubuta littafin bashi, abin da bai shafi kuɗi ba ko kaɗan. Wanda ya yi gyaran ya buga 15, zaɓin yin kwamfayil, a PDM, ya sabunta sabis furogiram ɗin a laburaren Nijar, shi ke nan.

Malam Isiyaku
To ga matsalarka nan. Sunan NIJAR ba a cikin kod ake ayyana shi ba, a bakin umarni ake ba da shi, DEFINE(NIJAR) a kan CRTRPGMOD. Wanda ya buga 15 bai danna F4 ya cike wannan ba, sai kwamfaila ta bi /ELSE. Yanzu furogiram ɗin rasit, wanda aka gina tun da can da NIJAR, yana miƙa lambobi 15 babu kwabo. Sabis furogiram kuma yana karɓar lambobin nan 15 ɗin, ya ɗauki biyun ƙarshe a matsayin kwabo. 250000 ta zama 2500.00.

Abin da ya sa ba ka ga kuskure ba: packed(15:0) da packed(15:2) duka bayit 8 ne. Ba a ajiye ɗigon a ƙwaƙwalwa, kwamfaila ce kawai ta san inda yake. Da tsawon ne ya bambanta, da gurbin da ke biye ya goce, da wataƙila ka samu MCH1202, saƙon lalacewar lamba, tun rasit na farko ka huta. Kamar a auna hatsi da mudu ɗaya a biya kuɗi da lissafin wani mudun ne, kuma duka biyun sunansu mudu.

Ka nemo listin ɗin kwamfayil ɗin, wato rahoton da kwamfaila ke fitarwa, idan ba a goge sufa (spool, inda ake ajiye shi) ba. A shafin farko akwai layin sunayen sharuɗɗan da aka ayyana. Na tabbata *NONE za ka gani.

Nafi'u
*NONE ne, Malam. Allah ya saka da alheri. Mun sake ginawa da DEFINE(NIJAR), sabbin rasit suna shiga daidai. Saura gyaran waɗanda suka riga suka shiga.

Mamman na Maraɗi
Wannan saura da ka ce, shi ne aikin. Ni ɓangaren kuɗi nake, ba mai rubuta kod ba, amma in gaya maka: sefa ba ta da kwabo a lissafi, kuma idan tsarin ya yanke abin da ke bayan ɗigo a wani mataki na gaba, ninkawa da ɗari ba zai mai da maka asali ba. 250,075 ta koma 2,500.75, aka yanke ta zama 2,500, ka ninka ka samu 250,000. Sefa 75 sun tafi. Ka koma ga rasit na asali ka sake turawa, kar ka yi gyara da lissafi. Ka duba harajin VAT na Nijar na 19 cikin ɗari ma, in an lissafa shi a kan adadin da ya lalace.

Hajiya Rabi
Mamman ya yi gaskiya. Amma ni abin da ya dame ni ba wanda ya buga 15 ba ne. Yau shi ne, gobe wani ne. Tsarin da lafiyarsa ta rataya a kan mutum ya tuna wata kalma da ba a rubuta a ko'ina ba, ba tsari ba ne. Kuma ku lura da abin da ya fi ban tsoro a IBM i. Idan ka canza tsarin fayil na bayanai ba ka sake gina furogiram ba, injin zai tare ka da CPF4131 tun wajen buɗe fayil. Wannan kariyar ta sa mun saba da cewa injin zai kama mu. To memba na /COPY ba shi da irinta. Kwamfaila ta kwafe rubutun ta zuba, ta gama, ta manta. DSPPGMREF zai nuna maka fayiloli da furogiram da ake kira, ba zai nuna maka /COPY ba. DSPMOD zai ba ka sunan memba na ainihi da ranar da aka taɓa shi, ba zai ce maka uffan a kan abin da aka jawo a ciki ba.

Auwal
Ba sa hannun (signature) sabis furogiram ke kama irin wannan ba? Na ɗauka shi ne amfaninsa.

Hajiya Rabi
A'a, ƙanena. Idan SIGNATURE(*GEN) ne, daga sunayen abubuwan da aka fitar da jerinsu ake lissafa shi. Faramita ba ta ciki. Ka mai da packed ya zama char, ka ƙara faramita uku, sa hannun na nan yadda yake. MCH4431 sai in sa hannun da furogiram ya riƙe ba ya cikin waɗanda sabis furogiram ke ɗauke da su. Mutane da yawa suna jingina da wannan kariyar a inda babu ita.

Auwal
To ni fa ra'ayina, da girmamawa ga manya, a daina sharaɗin lokacin kwamfayil gaba ɗaya. A Java da muke aiki da ita babu wannan abin, kuma ba mu rasa komai ba. Ka gina abu ɗaya, ka gwada shi, ka tura shi ko'ina. Bambancin Kano da Nijar ya zauna a tebur: wace ƙasa, wane kuɗi, lambobi nawa bayan ɗigo. ISO 4217, ƙa'idar lambobin kuɗaɗen duniya, ma ta riga ta rubuta, naira 2, sefa 0. Kowane /IF da ka ƙara ya ninka adadin furogiram ɗin da ke ɓoye a cikin kod ɗinka. Sharuɗɗa goma, haɗuwa 1,024. Wa zai gwada su?

Malam Isiyaku
Auwal, a kan gurbin kuɗi na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Wannan /IF ɗin bai kamata ya wanzu ba. Ni ƙa'idata ita ce: duk abin da zai tsallaka daga furogiram zuwa furogiram, ko ya sauka a fayil, siffarsa ba ta shiga sharaɗi. Gurbi ɗaya, packed(15:2) ga kowa, lambar kuɗi a gefensa, a wajen bugawa a ɓoye kwabon sefa.

Amma "a daina gaba ɗaya" ya yi yawa. Tun da waɗannan umarnan suka shigo RPG IV a shekarun 1990 nake aiki da su, kuma akwai wuraren da babu abin da ya maye su. Kana sayar wa kwastomomi manhaja, wani yana kan IBM i siga 7.3, wani yana kan 7.5. Sabon abin da kwamfailar tsohuwar siga ba ta sani ba, ba za ka ɓoye shi a bayan IF na lokacin aiki ba, domin kwamfayil ɗin ne kansa zai faɗi. Sai /IF DEFINED(*V7R5M0). Haka *CRTBNDRPG, don ka sa DFTACTGRP(*NO) kawai in ana gina furogiram kai tsaye. Waɗannan kwamfaila ce ke ayyana su da kanta, babu ɗan Adam da zai manta.

Zulaihat
Zan ƙara wa Yaya Auwal ƙarfi kaɗan, sannan in rage masa. Daga ɓangaren C nake. Tun 1992 Henry Spencer da Geoff Collyer suka gabatar da takarda a taron USENIX a kan illar #ifdef, takwaran /IF a C, daga abin da suka gani wajen sa C News ya yi aiki a kan injuna iri-iri. Shawararsu ita ce a tattara bambancin a bayan ƙofa ɗaya, kar a watsa shi cikin kod. Misalin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne na OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai a intanet. Yana da nasa tsarin sake amfani da ƙwaƙwalwa, da sharaɗin kashe shi, OPENSSL_NO_BUF_FREELISTS. A 2014, bayan Heartbleed, kafar tsaron da aka gano a OpenSSL, mutanen OpenBSD suka kunna sharaɗin don su koma ga malloc (mai raba ƙwaƙwalwa) na tsarinsu mai kariya, sai suka tarar kod ɗin ba ya aiki daidai a haka, saboda wani wuri ya dogara da samun ƙwaƙwalwar da aka riga aka saki. Reshen yana nan a rubuce shekara da shekaru, ba mai gina shi, ba mai gwada shi, ya ruɓe.

Inda zan rage masa: mai da sharaɗi zuwa lokacin aiki ba ya kashe haɗuwa 1,024 ɗin, wuri kawai ya canza musu. Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, 1 ga Agusta 2012, sun yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. Tuta ce ta lokacin aiki, tsohuwa, aka ba ta sabuwar ma'ana. Cikin kwamfutocin saba (server) takwas, bakwai sun samu sabon kod, ta takwas ba ta samu ba, sai tutar ta tayar da tsohon kod da ya kwanta shekaru a cikinta. Da an cire wancan kod ɗin tun farko, ko da da #ifdef ne, da babu abin da zai tashi.

Auwal
Na karɓi wannan. Amma ki lura, Zulaihat, cutar Knight da ta Nafi'u ɗaya ce: ɓangarori biyu na tsari ɗaya ba daga gini ɗaya suka fito ba. Bambancin shi ne tutar lokacin aiki ina iya buɗe tebur in ga matsayinta yanzu-yanzu. Ta lokacin kwamfayil sai na je neman sufa da wataƙila an goge tun bara.

Zulaihat
Wannan kam haka ne.

Baba Garba
Yara, ku bar ni in sa baki daga ɓangaren COBOL. Na yi shekaru a kan babbar kwamfuta a wani kamfanin inshora a Ingila, kuma abin da Nafi'u ya gani mu abincinmu ne na kullum, ba tare da wani /IF ba. PIC S9(13)V99 COMP-3 bayit 8. PIC S9(15) COMP-3 bayit 8. V ɗin nan ba ya cin wuri. A fayil na jere a z/OS babu mai duba maka siffa, abin da kwafibuk (memban /COPY na COBOL) ya ce shi ne gaskiyar furogiram ɗin. An faɗaɗa gurbi ɗaya a tsakiyar rikodin, an sake gina furogiram arba'in da wani abu, an bar ɗaya wanda sai ƙarshen shekara yake tashi. Wata goma sha ɗaya lafiya lau. Daren rufe shekara, S0C7, furogiram ya faɗi saboda lalatacciyar lamba. Kuma mun gode Allah da S0C7 ɗin, don shi tsayawa yake yi. Wanda ba ya tsayawa shi ne abin gudu.

Aikin shekarar 2000 da kuke ji, wani ɓangarensa wannan ne: a faɗaɗa shekara daga lamba biyu zuwa huɗu a kwafibuk, sannan a nemo duk wanda ya jawo shi. Wahalar ba a gyaran take ba, a nemowar take. Wasu sun yi COPY da REPLACING sun canza sunayen gurabe, binciken suna ba ya kama su. Wasu sun kwafe kwafibuk ɗin da hannu cikin kod ɗinsu tun shekarun 1980. Don haka duk wanda zai ce a daina raba fayil ɗaya, a bar kowa da nasa, ban goyi bayansa ba. Na ga inda hakan ke kaiwa. Bayani ɗaya a wuri ɗaya shi ne daidai, sai dai dole injin gini ya san waɗanda suka jawo shi.

Hajiya Rabi
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kun taɓo inda nake so. Binciken rubutu da FNDSTRPDM bai isa ba, saboda /COPY na iya zama a cikin wani /COPY, kuma kwamfaila tana yarda da zurfi har 32 in ba a canza COPYNEST ba. Ka nemi sunan memba, ka samu furogiram ashirin, alhali wasu sittin suna samunsa ta hanyar wani memban. Mu abin da muka yi: kod ya koma Git, gini ya koma hannun sikirif, kuma idan aka taɓa fayil ɗin haɗaka, duk abin da ya dogara da shi ana sake gina shi a dare ɗaya, na Najeriya da na kowane reshe. An cire wa kowa ikon yin kwamfayil da hannu a laburaren aiki, har ni.

Ga wani ramin da ba a ambata ba. In ka rubuta /COPY ba ka sa sunan laburare ba, jerin laburaren aikin da ke kwamfayil ake bi, na farko da aka samu shi ne. Mai gyara yana da tsohon kwafin memban a laburarensa na gwaji, yana saman jeri. Kod ɗaya, umarni ɗaya, mutum biyu, sakamako biyu. A ƙasan listin akwai teburin membobin da aka jawo, da laburarensu da ranar gyaransu. Ku riƙa karanta shi.

Nafi'u
Hajiya, tunda ana kan wannan. Wasu furogiram ɗinmu SQLRPGLE ne, wato RPG mai SQL a ciki, kuma waɗanda suka jawo wannan memban da /COPY sukan ƙi ginuwa da SQL0314, sai aka mai da su /INCLUDE. Ban taɓa gane dalili ba.

Malam Isiyaku
Bari in amsa masa, Hajiya. CRTSQLRPGI mataki biyu ne. Mai tace SQL ke fara bi ta kan kod, sannan kwamfailar RPG. In RPGPPOPT yana *NONE, wanda shi ne na asali, mai tacewar /COPY kaɗai yake ganewa, shi ma na matakin farko, ba na cikin wani ba. /IF da /ELSE ba ya ganinsu, sai ya karanta rassan biyu duka. Ya ga kudi sau biyu, ya ce sunan ba ɗaya ba ne, SQL0314. /INCLUDE kuwa tsallake shi yake yi ya bar wa kwamfaila, shi ya sa kukan ya tsaya. Amma in ka yi amfani da gurbin da ke cikin /INCLUDE a jimlar SQL, sai SQL0312 ta fito, don bai san shi ba.

Haka nan jimlar SQL da ka sa a reshen da kake zaton a kashe yake, yana tace ta. Maganin shi ne *LVL1, wanda ke warware sharuɗɗa da /COPY kafin SQL ta gani, ko *LVL2 da ke haɗawa da /INCLUDE. Ku zaɓi ɗaya ku sa a sikirif ɗin gini. Kar ya zama wani yana ginawa da *NONE wani da *LVL2.

Zulaihat
Malam, a RPG ma /DEFINE da aka yi a cikin fayil ɗin da aka jawo yana ci gaba da aiki bayan fayil ɗin ya ƙare, kamar a C?

Malam Isiyaku
Yana ci gaba, 'yata, har ƙarshen kwamfayil ko sai an yi /UNDEFINE. A kan haka katangar hana maimaici ta dogara: /IF DEFINED, /EOF, /ENDIF, sannan /DEFINE a saman memba. Kuma a nan ake samun wanda ya kwafi memba don ya yi sabo, bai canza sunan katangar ba. Na biyun ya zo, kwamfaila ta ga sunan a ayyane, ta tsallake shi baki ɗaya. Wannan da sauƙi, RNF7030 za ta cika listin. Mai wuyar shi ne sunaye irin TEST ko DEBUG da wani memba ya ayyana don kansa ya manta bai kashe ba, wani memban can ƙasa kuma yana duba wannan sunan da wata manufa daban. A nan jerin layukan /COPY ne ke yanke hukuncin abin da furogiram zai yi. Wani ya zo ya jera su bisa haruffa don tsafta, lissafi ya canza. In kana zargin irin wannan, ka gina da OPTION(*SHOWSKP), layukan da aka tsallake za su fito a listin.

Mamman na Maraɗi
Tambayar ɗan kuɗi: adadin haraji ma a irin wannan fayil kuke ajiye shi?

Hajiya Rabi
Wasu suna yi, kuma bai kamata ba. Lokacin da VAT na Najeriya ya tashi daga 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 1 ga Fabrairu 2020, an kira ni wani kamfani da adadin yake a matsayin dcl-c a memba ɗaya. Sun gyara, sun sake gina na sayarwa, na mayar da kaya ya zauna a kan 5. Da suka gano suka sake gina shi, sai wata ta taso: kayan da aka saya a Janairu aka dawo da su a Fabrairu, da 5 ya kamata a lissafa su. Adadi ɗaya da aka ƙulle a kod ba zai iya riƙe biyun ba. Tebur ake so, mai ranar farawa, a duba da ranar rasit. A nan Auwal ba shi da abokin gardama.

Auwal
To me Nafi'u zai yi da wannan /IF ɗin yanzu? Fayilolin Nijar cike suke da bayanai a siffar 15:0, ba zai cire shi gobe da safe ba.

Malam Isiyaku
Ba zai cire gobe ba. Mataki na farko, ya fitar da NIJAR daga bakin umarni ya mai da shi rubutu: ɗan memba guda a laburaren kod na kowace ƙasa, mai layi ɗaya na /DEFINE, a jawo shi kafin komai. A ƙarshen sharaɗin kuma kar /ELSE ta zama Najeriya. A yi /IF na Nijar, /ELSEIF na Najeriya, a /ELSE a sa layin da ba zai ginu ba, don wanda bai ayyana komai ba kwamfayil ɗinsa ya faɗi nan take.

Na biyu, ya yi koyi da yadda IBM ke yi a nata API. QUSROBJD ba ya karɓar buhun bayanai haka kawai, sai ka faɗi sunan siffa, OBJD0100 ko OBJD0200, da tsawon abin da ka tanada. Ya sa gurbin sunan siffa a farkon tsarin rasit, mai kira ya cike, wanda aka kira ya duba, in bai dace ba ya tsaya da saƙo. Daga nan ya ƙirƙiri siffa ta biyu marar sharaɗi, mai lambar kuɗi, ya riƙa mai da furogiram ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Rabi
Ɗan memban nan na kowace ƙasa, Malam, ya sake jingina da jerin laburare fa. In laburaren Najeriya ya hau sama a aikin da ke gina na Nijar, an koma gidan jiya.

Malam Isiyaku
Haka ne, shi ya sa na haɗa shi da duba sunan siffa. In ginin ya karkace, rasit na farko zai tsaya.

Baba Garba
Nafi'u, kafin ka taɓa komai, ka fitar da jerin duk furogiram da ke laburaren Nijar da ranar da aka gina kowanne, ka ware waɗanda aka gina bayan wanda ya tsara wannan sharaɗin ya bar kamfanin. Wanda ya buga 15 a makon nan ba lallai shi ne na farko ba. Ka fara da na rahoton wata da na ƙarshen shekara.

Nafi'u
To Baba. DSPOBJD zuwa fayil zai ba ni ranakun. Waɗanda aka gina da DBGVIEW(*LIST) ko *ALL zan buɗe su da STRDBG in ga reshen da ya shiga. Hajiya, in ba damuwa, ki turo min samfurin sikirif ɗinku na gini, musamman inda yake gano /COPY na cikin /COPY.

Hajiya Rabi
Zan cire sunayen laburarenmu in sa shi a fayilolin zaure da yamma, in sha Allah. Teburin membobi na ƙasan listin yake karantawa, don haka sai ka gina komai sau ɗaya a laburaren gwaji kafin ya samu abin da zai yi aiki da shi.